'Yan uwa ko 'yan uba? Kanada, Amurka da zancen jinin Angulo-Sakson

Tambaya: Malam, ina karanta tarihin Amurka ta Arewa, sai nake ta cin karo da maganar cewa mutanen Kanada da na Amurka jini ɗaya ne, wai duk Angulo-Sakson ne. Shin wannan ne ya sa suka zauna lafiya har ake cewa babu soja a kan iyakarsu? Idan kuwa haka ne, me ya hana su zama ƙasa ɗaya?

Amsa: Ɗan'uwa, madalla da wannan tambaya, Allah ya ƙara basira. Zancen jini ɗaya ya yi tasiri, amma ba ta inda ka zata ba. Bai hana su yaƙi ba, domin sau biyu suna gwabzawa alhali kowa na jin harshen kowa. Bai kuma haɗe su ba, domin kowane ɓangare da wannan jinin yake kafa hujjar cewa shi ne magajin gida. Inda ya yi aiki ƙwarai shi ne wajen tantance wanda za a buɗe wa ƙofa da wanda za a rufe wa.

Bari in fara kai ka wani wuri. A gaɓar tekun Fasifik, daidai kan iyaka tsakanin garin Blaine na jihar Washington da lardin British Columbia, akwai wata farar ƙofa ta siminti mai tsayin kusan mita 20, ƙafarta ɗaya a Amurka, ɗaya a Kanada. An buɗe ta a watan Satumba 1921 don tunawa da sulhun da ya kawo ƙarshen yaƙin 1812 tsakanin Amurka da Birtaniya. Idan ka tunkare ta daga ɓangaren Amurka, za ka ga an rubuta a goshinta: 'Ya'yan uwa ɗaya. Idan ka zagayo ta ɓangaren Kanada, rubutun na cewa su 'yan uwa ne masu zaman haɗin kai. Uwar da ake nufi Ingila ce. To mu da muka tashi a gidan yawa mun san ba duk wanda kuka fito tsatso ɗaya ne ɗan uwa ba. Akwai ɗan uba, wanda asalin da ya haɗa ku shi ne kuma abin da kuke takara a kansa. A karatuna, zaman Kanada da Amurka ya fi kama da 'yan ubanci: gado ɗaya, kowa na cewa shi ya fi riƙe shi da kyau.

Su Angulo-Sakson na asali wasu ƙabilu ne da suka ƙetaro daga arewacin Jamus da Denmark zuwa tsibirin Birtaniya wajen ƙarni na 5, suka yi mulki har Normawa suka ci su a 1066. Daga baya lauyoyi da 'yan siyasar Ingila suka gina labarin cewa majalisa da shari'ar gargajiya da 'yancin ɗan ƙasa duk gadon waɗannan mutane ne. Thomas Jefferson, ɗaya daga jagororin neman 'yancin Amurka, ya yarda da labarin har a 1776 ya ba da shawarar a sa hoton Hengist da Horsa, jagororin Sakson biyu da ake cewa su suka fara sauka Ingila, a hatimin sabuwar ƙasar Amurka. Ka lura da wannan: masu tawayen ba su ce sun bar gadon Ingila ba, cewa suka yi sarki ne ya ci amanarsa. A ƙarni na 19 ne maganar ta tashi daga batun dokoki ta koma batun launin fata da fifikon jinsi. Kuma ko a lokacin sunan bai dace da mutanen ba. John A. Macdonald, firaministan Kanada na farko, a Glasgow aka haife shi, ɗan Sikotland ne. Akwai 'yan Ireland da Jamusawa birjik a ƙasashen biyu, ga kuma Faransawan Quebec da suka riga Ingilishi zama a can.

Wannan tunani na jini ɗaya shi ya fara yaudarar Amurkawa. Sun ɗauka tunda mutanen arewa nasu ne, da an ƙwanƙwasa ƙofa za su buɗe. A 1775, lokacin yaƙin neman 'yancinsu daga Birtaniya, suka kai wa Quebec hari, Janar Richard Montgomery ya mutu a bakin ganuwar birnin ranar 31 ga Disamba, rundunar ta koma ba nasara. Duk da haka, a tsarin mulkinsu na farko sun bar wa Kanada gurbi: duk ranar da ta so shiga tarayyar za a karɓe ta, alhali kowace ƙasa daban sai jihohi 9 sun amince. Abin da ya faru akasin haka ne. Da yaƙi ya ƙare a 1783, kimanin mutum 40,000 da suka ƙi warware mubaya'arsu ga sarki suka kwashe iyalansu suka yi arewa, da yawansu an ƙwace musu gonaki da gidaje. Saboda su aka yanki lardin New Brunswick a 1784, aka kuma kafa Kanada ta Sama, wato Ontario ta yau, a 1791. Ka ga ke nan Kanada mai jin Turanci Amurkawa ne suka kafa ta, Amurkawan da suka ƙi jamhuriya.

A 1812 aka sake maimaita kuskuren. Jefferson ya rubuta cewa cin Kanada bai wuce a yi tattaki a shiga ba. Lissafinsa ba na banza ba ne, domin mafi yawan mazauna Kanada ta Sama a lokacin haifaffun Amurka ne da suka zo neman ƙasar noma. Amma Janar William Hull, wanda ya ƙetara yana shelar ya zo 'yantar da su, shi ne ya miƙa Detroit ga Isaac Brock, janar ɗin Birtaniya, da Tecumseh, jagoran ƙabilar Shawnee, cikin watan Agusta. Amurkawa suka ƙone gine-ginen majalisa a York, wato Toronto, a 1813. Sojan Birtaniya suka rama a Washington a 1814. Aka yi sulhu a Ghent a Disambar wannan shekara, iyaka tana inda take. Yarjejeniyar Rush da Bagot ta 1817 ta rage jiragen yaƙi a manyan tafkuna, amma ba soyayya ta kawo ta ba, tsadar riƙe jiragen ce ta ishi kowa.

Shekaru hamsin da suka biyo baya zan wuce su da sauri: rigimar iyakar Maine da aka sasanta a 1842, ta Oregon a 1846, tsamin dangantaka lokacin yaƙin basasar Amurka, soke yarjejeniyar ciniki a 1866, da hare-haren 'yan Fenian, tsoffin sojojin Amurka 'yan asalin Ireland da suka ƙetaro a wannan shekarar don su ɓata wa Birtaniya rai. Tsoron maƙwabcin kudu na cikin manyan dalilan da suka sa lardunan suka dunƙule suka zama Kanada ranar 1 ga Yuli 1867.

Muhawarar da ta fi ba ni sha'awa ita ce ta wajen 1890, don a nan za ka ga hujja ɗaya ta haifi matsaya biyu masu karo da juna. Goldwin Smith, tsohon farfesan tarihi a Oxford da ya zauna a Toronto, ya fitar da littafi a 1891 yana cewa rabuwar 1776 ɓaraka ce a cikin dangi ɗaya, kuma maganinta Kanada ta haɗe da Amurka. Har ya ƙara da cewa ta haka ne kawai za a narkar da Faransawan Quebec cikin tekun masu jin Turanci. George Parkin, malamin makaranta daga New Brunswick, shi ma da jinin Angulo-Sakson yake rantsuwa, amma cewa yake Amurka ta gurɓata nata da baƙin haure da siyasar 'yan jagaliya, don haka Kanada ce ta riƙe tsantsar gadon, kuma makomarta tarayyar daular Birtaniya. Macdonald ya shiga zaɓen 1891 yana cewa talakan Birtaniya aka haife shi, talakan Birtaniya zai mutu. Ya ci zaɓen, ya rasu bayan wata uku.

Daga 1895 ne zancen dangantaka ya fara aiki a tsakanin manya. A wannan shekarar shugaba Cleveland ya yi wa Birtaniya barazana a kan iyakar Venezuela, kuma kowa ya san da an yi yaƙi, a ƙasar Kanada za a yi shi. Landan ta duba ta ga Jamus na tasowa, ga Faransa da Rasha, ga rigimar Afirka ta Kudu, ta ga ba za ta iya ƙara Amurka cikin abokan gaba ba. Sai aka rungumi maganar jini. A Mayu 1898 Joseph Chamberlain ya tsaya a Birmingham yana kiran ƙawancen Angulo-Sakson. Birtaniya ta nuna wa Amurka goyon baya a yaƙinta da Sifaniya, gwamnatin Amurka ita ma ta kau da kai lokacin yaƙin Boer da Birtaniya ta yi a Afirka ta Kudu. Wannan Chamberlain ɗin, in ka tuna, shi ne sakataren ƙasashen mulkin mallaka lokacin da sojan Lugard suka shiga Kano a Fabrairu 1903 da Sakkwato a Maris. Aƙidar da ta ce Amurkawa dangi ne da ba a yaƙa, ita ce ta ce wasu al'ummu an halicce su ne don a mulke su.

To wa ya biya kuɗin wannan sulhu? Kanada. Bayan an gano zinariya a Klondike, cikin yankin Yukon na Kanada, a 1896, ya zama dole a san mai mallakar mashigan teku na kudancin Alaska, musamman tashar Skagway, don ta nan masu haƙa ke bi su shiga Yukon. Aka amince a kafa kwamitin mutum 6 na masana shari'a marasa son kai. Shugaba Theodore Roosevelt ya naɗa sakataren yaƙinsa Elihu Root, da Sanata Henry Cabot Lodge, da George Turner na jihar Washington, mutanen da kowa ya san matsayinsu tun kafin a zauna. Ɗaya ɓangaren kuwa 'yan Kanada biyu ne, Louis Jetté da Allen Aylesworth, sai Lord Alverstone, Alƙalin Alƙalan Ingila. A Oktoba 1903 Alverstone ya bi Amurkawa, aka tashi 4 da 2, 'yan Kanadan suka ƙi sa hannu. Masana da yawa na ganin hujjar Amurka ta fi ƙarfi a bisa yarjejeniyar Rasha da Birtaniya ta 1825, ni ma haka nake gani. Amma abin da ya ƙona wa 'yan Kanada rai shi ne ganin uwa ta sayi zumuncin babban ɗa da rabon ƙaramin. Firaminista Wilfrid Laurier ya faɗa a majalisa cewa Kanada na buƙatar ikon ƙulla yarjejeniyoyinta da kanta, kuma a 1909 aka kafa ma'aikatar harkokin wajenta.

A 1911 Laurier da shugaba Taft suka shirya cire kuɗin fito a kan amfanin gona da makamantansu. Manoman yammacin Kanada na murna. Sai Champ Clark, wanda ke shirin zama kakakin majalisar wakilan Amurka, ya miƙe ya ce yana goyon bayan shirin ne don yana fatan ganin tutar Amurka na kaɗawa a kan kowane taƙi na ƙasar har ƙuryar arewacin duniya, ya ƙara da cewa ai mutanen can jininsu ne, harshensu ɗaya. Shi a ganinsa yabo ya yi. A Kanada kuwa wannan magana ta zama makami a hannun 'yan adawa, Laurier ya faɗi zaɓe ranar 21 ga Satumba, Robert Borden ya hau. Wannan ita ce amsar rabin tambayarka na biyu.

Yanzu mu koma wajen farar ƙofar nan, domin abin da na fi so ka riƙe yana kusa da ita. Tana tsakanin birane biyu ne, Bellingham a kudu, Vancouver a arewa. Daren 4 ga Satumba 1907, ɗaruruwan fararen fata a Bellingham suka bi ma'aikatan injinan katako 'yan Indiya, yawancinsu Sikh, ɗaki-ɗaki, suka fito da su suka watsar da kayansu a titi, cikin 'yan kwanaki garin ya zama babu su. Bayan kwana uku, ranar 7 ga wata, ƙungiyar korar mutanen Asiya ta yi gangami a Vancouver, har da masu jawabi da suka zo daga Seattle. Taron ya rikiɗe, aka afka unguwar 'yan Sin ana farfasa gilasan shaguna, aka wuce unguwar Japanawa a titin Powell, inda mazauna suka fito da sanduna da kwalabe suka tare su. A nan babu wanda ya tsaya tambayar wane ne talakan sarki, wane ne ɗan jamhuriya. A farkon 1908 Roosevelt ya karɓi Mackenzie King, wani jami'in Kanada da daga baya ya zama firaminista, suka tattauna yadda za a taƙaita shigowar Japanawa.

Dokokin ƙasashen biyu ma tafiya suke kamar an ɗaura su da igiya ɗaya. Amurka ta hana ma'aikatan Sin shiga a 1882. Kanada ta jira sai 1885, shekarar da aka gama layin dogon da dubban 'yan Sin suka fasa duwatsu suka shimfiɗa, sannan ta sa musu harajin kai na dala 50, ta mai da shi 500 a 1903, ta rufe ƙofar kusan gaba ɗaya a 1923. A 1914 jirgin ruwan Komagata Maru ya iso Vancouver da fasinja 376 daga Indiya, dukkansu talakawan sarki ɗaya da 'yan Kanada, aka tsare shi wata biyu a kan ruwa aka kora shi. A 1879 Macdonald ya aiki Nicholas Flood Davin ya je ya ga yadda Amurka ke raba yaran 'yan asalin ƙasa da iyayensu a makarantun kwana, rahotonsa ya zama ɗaya daga tubalan irin waɗannan makarantu a Kanada. Da Amurka ta yanka wa ƙasashen Turai kason baƙin haure a 1924, ba ta sa Kanada a ciki ba.

Batun baƙar fata ya fi taɓa ni. Gaskiya ne Kanada ta zama mafakar dubban bayi da suka gudo daga Amurka, musamman bayan dokar kamo bayi ta 1850. Cikin waɗanda suka zauna a garin Chatham, a Ontario ta yau, har da Mahommah Baquaqua, haifaffen Djougou da aka sayar zuwa Brazil, wanda tarihin rayuwarsa da aka buga a Detroit a 1854 ya ce mahaifiyarsa 'yar Katsina ce. Amma a wannan lardin da ya ba su mafaka, doka ta ba da damar ware wa 'ya'yansu makarantu daban, kuma ta ƙarshe a Ontario sai 1965 aka rufe ta. A farkon ƙarni na 20 gwamnatin Kanada na kashe kuɗi tana tallar gonakin yamma ga manoman Amurka, dubban ɗaruruwa suka ƙetaro aka karɓe su hannu bibbiyu. Da baƙaƙen manoma kimanin 1,000 suka taso daga Oklahoma, sai aka shiga rubuta takardun koke. A Agusta 1911 majalisar ministocin Laurier ta amince da umarnin hana baƙar fata shiga na shekara guda, wai yanayin ƙasar bai dace da su ba. Ba a zartar da shi ba, an soke shi bayan wata biyu, amma an tura wakilai Oklahoma suna hana mutane tasowa, kuma hakan ya wadatar.

Faransawan Kanada su ma suna wajen wannan da'irar, ko da yake fararen fata ne. Rahoton 1839 na Lord Durham, gwamnan da Birtaniya ta aiko, ya kira su mutanen da ba su da tarihi ba su da adabi, ya ba da shawarar a narkar da su. Kimanin 900,000 daga cikinsu suka gangara masaƙun New England tsakanin 1840 da 1930, garuruwa irin su Lowell da Manchester da Woonsocket, inda wani rahoton hukumar ƙwadago ta Massachusetts a 1881 ya kira su 'yan Sin na jihohin gabas. A gida kuwa Manitoba a 1890 da Ontario a 1912 sun taƙaita karatu da Faransanci. Shi ya sa Henri Bourassa ya ajiye kujerarsa ta majalisa a 1899 don ƙin tura soja yaƙin Boer: a kunnensa, kiran Angulo-Sakson daga Landan ko daga Washington duk abu ɗaya yake nufi ga mutanensa. Wasu ɗaiɗaiku dai sun shiga hidimar daular sun yi nisa. Percy Girouard, wanda ya gaji Lugard a mulkin Arewacin Najeriya daga 1907 zuwa 1909 kuma aka fara layin dogon Baro zuwa Kano a zamaninsa, ɗan Montreal ne, mahaifinsa Bafaranshen Kanada.

Maganar iyaka marar soja kuwa, ka ɗauke ta da hankali. A 1921, shekarar da aka buɗe ƙofar nan, wani hafsan sojan Kanada, James Sutherland Brown, ya tsara yadda za a yi wa Seattle da Minneapolis da Albany shigar sauri idan yaƙi ya tashi. Sojan Amurka ma a 1930 sun amince da nasu shirin na yaƙi da Birtaniya, wanda ya haɗa da kama Halifax. Amincin gaske ya zo ne da tsoron Hitler da Japan. A Agusta 1938 Franklin Roosevelt ya faɗa a Kingston cewa Amurka ba za ta naɗe hannu ba idan wata daula ta yi wa Kanada barazana, a 1940 kuma shi da Mackenzie King suka kafa hukumar tsaro ta haɗin gwiwa a Ogdensburg. Bayan abin da 'yan Nazi suka aikata da sunan jini, kalmar Angulo-Sakson ta zama abin kunya a bakin shugabanni, aka koma cewa al'ummu masu jin Turanci, daga baya ƙasashen dimokuraɗiyya. Amurka ta soke kason ƙabila a dokar shige da fice a 1965, Kanada ta kawo tsarin maki a 1967, ta kuma ɗauki manufar al'adu da yawa a 1971. Da wannan ƙofar ce 'yan Afirka da 'yan Asiya suka samu shiga da yawa.

Tsohuwar takarar dai ba ta mutu ba. A 2025, da shugaba Donald Trump ya yi ta nanata cewa Kanada ta zama jiha ta 51, gwamnatin Mark Carney ta gayyato Sarki Charles, ya zo Ottawa da kansa ya karanta jawabin buɗe majalisa ranar 27 ga Mayu. Rabon da mai sarautar Birtaniya ya yi haka a Kanada tun 1977, lokacin mahaifiyarsa.